Hular da Mushe Bai Mayar Mini Ba

Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma gare Shi muka nufa. Ɗan kawuna, wanda malaman lakwal, wato makarantun boko, na ƙasar Tasawa da Mayahi ke kira Mushe, yadda muke kiran malamin boko namiji, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Ya girme ni da shekara uku. Karatuna ba mai yawa ba ne, aji huɗu na yi na koma gona. Amma zan rubuta abin da na sani game da shi don kada a manta, kuma don akwai maganar da ya daɗe yana jira ta fito daga bakina.

Ranar sadakar uku, ƙofar gidansa a Tasawa ta cika da motoci masu ƙafa biyu, har amalanke ta rasa wurin wucewa. Malamai ne suka zo daga Korgom, daga Bawdeta, wasu har daga Isawan. Dattawan unguwa suna cikin rumfa suna jan tasbaha. Daga cikin gida ana jin kukan babbar 'yarsa, ta yi shiru, ta sake farawa. Wani diraktan lakwal ya zauna kusa da ni, waya a hannunsa, yana ta jujjuya ta. Can ya ce, ba da ni yake ba ma, “Yau da sahe tabalet ɗinmu ta ƙi buɗewa. Wallahi sai da na danna lambarshi, ta fara ƙara, sannan na tuna.”

Ana cikin haka sai dariya ta tashi a bakin rumfa, inda malamai matasa suke. Liman ya ɗaga kai ya dube su. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa ya ce, “A gafarce mu, Malam. Tsoho mai neman lamba muka tuna.”

Liman ya ce, “Wane ne kuma haka?”

Malamin ya ce wasa ne da Mushe ke yi musu duk lokacin da ya tara su don koyarwa. Wai yakan ciro wata tsohuwar jar dara daga jakarsa ya kafa ta a goshi, ya zama wani dattijon ƙauye da ya zo aron tabalet da lambar sirrin buɗe ta. Abokansa suka ce ya gwada, ya gwada kaɗan. Ya turo hularsa gaba, ya yi tari sau biyu, ya goya hannu ɗaya a baya, ya ce, “Ɗiyata, ba ni 'yar lambar nan. Ni da na ci naman sunan ubanki, ni za ki ɓoye ma wa?”

Rumfa ta ɗauki dariya, har da liman, wasu suna dariyar suna share ido. Ni kaɗai ban yi ba. Wannan tarin nawa ne. Goya hannun nawa ne. Maganar kuma ni na faɗe ta, kalma da kalma, shekara huɗu kafin wannan rana.

Kafin in zo kan wannan, bari in faɗi ko wane ne shi.

Uwata da ubansa ciki ɗaya suke, don haka mu taubasai ne. Tun muna yara ba mu san gaisuwa ba sai tsiya. Shi yana ce mini “ɗan goggo mai kan ƙwarya,” don na gudu daga lakwal. Ni ina ce masa “Mushe mai cin alli,” don rigarsa ba ta rabuwa da farin gari. Ko a gaban surukaina ba ya raga mini. In ya zo ƙauyenmu, kusa da Korgom, tun daga bakin rijiya zai fara kira, “Ina malalacin garin ga? Ku ce mashi ubangidanshi ya iso, shi kawo hura!” Ni kuma in fito in ce a ɓoye kaji, mayunwacin birni ya zo.

Ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Da ya ajiye alli, mun ɗauka zai samu gindin bishiyar bedi ya zauna kamar sauran tsofaffi. A daidai lokacin ne aka fara kawo wa wasu lakwal tabalet, wato waya mai faɗi kamar allo wadda ake zuba darussa a ciki, tare da pano mai jan wuta daga rana. Malamai da yawa tsoronta suka ji. Mushe ya ba ni labarin wani diraktan da ya naɗe tasu a zane ya kulle a akwati, wai kada ta lalace a ce shi ne. Mushe ya ce abin ya hana shi sukuni. Ya tattara ya tafi Maraɗi wajen babbar 'yarsa mai aikin biro, wato ofis, ya yi wata guda tana koya masa. Ta ce da farko da dukan babban yatsa yake dannawa, kamar mai dangwala ƙuri'a, kuma in ta yi dariya sai ya ce, “Na haƙura da ke kina koyon abajada, ki haƙura da ni.”

Ya dawo da tabarau ɗaure da zare, da jaka cike da wayoyin wuta, da tsumman goge pano. Ba wanda ya naɗa shi. Malamai ne suka riƙa ba juna lambarsa, daga baya shi ma sufeton makarantu ya fara aika shi. Tsohuwar motonsa mai ƙafa biyu ta san hanyoyin rairayi fiye da masu kabu-kabu.

Ba ya raina tambaya. Wata rana ina zaune da shi aka kira shi daga wani ƙauye a ƙasar Mayahi, wai tabalet ta mutu, kwana uku ba ta ɗaukar wuta. Ya ce, “Mushe dirakta, kak ka ji tsoro. Tahi ka duba panon, mi ke bisanshi?” Ya tafi ya duba. Can muka ji murya ƙasa-ƙasa, “Kuɓewa ce madam ta shanya.” Ya toshe bakin wayar, ya yi dariya har tabarau ya zame. Sannan ya buɗe ya ce da murya mai nauyi, “To a kwashe, ta warke. In an yi miyar a tuna da ni.” Bai taɓa faɗa wa kowa sunan ƙauyen ba, ko ni.

Abin da ya fi damunsa ba lalacewar kaya ba ne, mutanen da ke ɓoye a bayan saƙonni ne. Yakan ce wa malamai, “In saƙo ya zo maka yana cewa ka yi sauri, ka aje wayar ka sha ruwa tukuna.” Yakan ce, “In an rubuto maka da sunan sufeto ana neman lambar sirrinka, kira sufeton ka ji muryarshi.” Akwai wani malami sabon ɗauka da ya danna wani saƙo mai alkawarin ƙarin girma, ɓarayi suka ƙwace masa zauren saƙonnin wayarsa, suka riƙa aika maganganun banza da sunansa har ga iyayen yara. Ya kulle kansa a ɗaki don kunya. Mushe ya hau moto ya same shi, suka yi yini guda a kan tabarma suna kiran mutane ɗaya bayan ɗaya suna bayani, har aka ƙwato zauren. Wani malamin kuma, don murna, ya watsa hotunan 'yan matan ajinsa da suka ci jarrabawa, da sunayensu da na iyayensu. Mushe bai yi masa faɗa a waya ba. Ya je har can ya ce, “Ɗiyan mutane ne. Ka tambayi iyayensu? Ka san hannun da hoton ga za shi kwana?” Bai tashi ba sai da aka goge.

Yanzu ga nawa.

A lokacin ni ne shugaban kwamitin iyayen yara na lakwal ɗin ƙauyenmu, kuma ina ji da wannan girma fiye da yadda ya kamata. Malamar ajin ƙarshe, wadda muke kira Madam, 'yar Tasawa ce, mai ƙwazo, mai kunya. Tabalet ɗin lakwal a hannunta take. A wannan shekarar an sa ta cikin masu shirya tambayoyin jarrabawar gwaji ta lakwal-lakwal ɗin yankinmu, tambayoyin kuma suna cikin tabalet ɗin. Ni ban san da wannan ba, kuma ban tambaya ba.

Aka yi wa ɗana na fari haihuwar namiji. Na so a ɗauki hoton suna da abin da ya fi wayoyin ƙauye kyau, don baƙi su gani. Ranar Juma'a da yamma, Madam tana shirin tafiya gida Tasawa, na tare ta a ƙofar aji. Na ce ta ara mini tabalet. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, Mushe ya hana. Ya ce lambar ba ta fita.” Na yi tari sau biyu, na ce Mushe taubashina ne, ni na san shi tun yana yawo ba wando. Sannan na faɗi maganar nan ta naman sunan ubanta, alhali ban ma san ubanta ba. Ta yi tsaye tana murza gefen mayafinta. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya a ƙasarmu, yaya za ta dubi mai furfura ta ce masa a'a sau biyu? Na san haka, da shi kuma na yi aiki. Ta faɗa mini lambar, ta miƙo tabalet da hannu biyu.

Aka yi suna, aka ɗauki hoton rago, da ni cikin farar riga. Ranar kasuwa na kai tabalet wajen mai sharjin waya, na faɗa masa lambar a gaban mutane, na ce ya zuba mini hotunan a katin wayata. Na bar masa ita na shiga kasuwar dabbobi. Shi kuma ya kwashe duk abin da ya gani. Kafin mako ya zagayo, tambayoyin jarrabawa suna cikin wayoyin ƙauyuka huɗu.

Aka soke jarrabawar. Sufeto ya zo da kansa, aka tara mu a ƙarƙashin bishiyar lakwal, da maigari, da dirakta, da iyaye. Ya tambaye ta, “Madam, wa kika ba lambar?” Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Ni na dubi takalmina. Ta ce, “Laifina ne.” Da aka ba ni magana a matsayin shugaba, na miƙe na ce mu iyaye mun ji kunya, kuma ya kamata malaman zamani su san amana. Da bakina na faɗi haka. Mata suka fara cewa ai don 'ya'yan ƙawayenta ta fitar. Ba a yi wata ba aka ɗauke ta aka kai wani ƙauye can wajen Isawan, nesa da mijinta da uwarta.

An ba Mushe tabalet ɗin ya duba. Ya same ni a gona lokacin noman farko. Bai yi kiran malalaci ba. Ya kafe moto a bakin hanya, ya tako cikin kunyoyin hatsi har inda nake, ya tsaya.

Ya ce, “Ragon ya yi kyau a hoto.”

Na ce, “Wane rago?”

“Wanda ka goge. Abin ga ba ya mantuwa da wuri, ɗan goggo. Ga ka nan cikin farar riga, kana riƙe da ƙaho.”

Na jingina hauya. Maimakon in ji kunya sai na ji fushi. Na ce shi ne ya kawo mana fitina, tsoho da shi yana yawo da kayan wasan yara. Na ce in ya tona ni a gaban ƙauye, uwata ya tona, ƙanwar ubansa. Ya bari na gama.

Ya ce, “Yarinyar nan ta rufa maka asiri da sunanta. Ba ta da wani abin da ya fi shi. Ni ba ni faɗin sunanka ga kowa. Bakinka ne za shi faɗi.”

Na ce, “To ka jira.”

Ya ce, “Ina jira.”

Ya juya. Daga wannan rana wasa ya mutu tsakaninmu. In mun haɗu a wurin biki ko jana'iza sai ya miƙo hannu biyu ya ce, “Malam, ina gajiya? Ina iyali?” Wanda ba shi da taubashi ba zai gane zafin wannan ba. Na gwammace ya zage ni a tsakiyar kasuwa. 'Yan uwa suka lura, suka tambaya, na ce tsufa ne. Ranar ƙarshe da na je gidansa kafin wannan rigima na manta jar darata a kan tabarmarsa. Ban koma ɗauka ba, shi ma bai aiko ba.

Na sauka daga shugabancin kwamiti, na ce ciwon gwiwa. Na daina bi ta gaban lakwal. Bayan shekara guda na ji an ce Madam ta bar Isawan. Ban tambayi inda ta tafi ba, don na riga na yanke a raina cewa ta bar aikin ke nan, ni na kashe mata shi. In aka fara zancen malamai a majalisa sai in tashi in ce zan duba awaki. Shekara huɗu ina sallah da wannan abu a ƙirjina. Sau nawa na ɗaura niyyar zuwa Tasawa in ce masa na shirya, in na kai tasha sai in saya goro in komo.

Da ya kwanta jinya na je. Na zauna a bakin ƙofa cikin masu dubiya. Na ce, “Allah shi ƙara sauƙi.” Ya buɗe ido ya dube ni, ya daɗe, kamar mai ba ni wuri. Ɗakin cike yake da mutane. Na ce a raina in an ragu zan dawo. Ya ce, “Amin, Malam. Na gode.” Kwana biyu bayan nan aka kira ni, aka ce ya cika.

Da wannan nauyi nake zaune a rumfa lokacin da malamin nan ya yi tarina. Na ji kamar kowa ni yake kallo, alhali ba wanda ya waiwayo. Ina neman hanyar sulalewa sai aka ce matar marigayi tana kirana a zaure.

Na same ta zaune a kan tabarma cikin takaba. A gefenta akwai wata mace da tabarau, ta yi ƙiba kaɗan. Sai da ta gaishe ni na gane muryar.

“Baba, ina haƙuri?”

Na zauna a dokin ƙofa. Ban amsa gaisuwar ba. Na ce, “Madam, ni ne. Ni na karɓi lambar da ƙarfin furfura, ni na kai kasuwa, ni na tsaya na zage ki gaban mutane. Ki yafe mani, ko kar ki yafe, amma na faɗa.”

Matar marigayi ta sauke ajiyar zuciya ta ce, “Alhamdu lillahi. Kwana uku ka makara, mai kan ƙwarya.” Rabon da in ji wannan suna shekara huɗu. Hawaye suka zubo mini.

Madam ta gyara tabarau. Ta ce, “Ba ni ɓoye maka, Baba, na yi fushi da kai. Shekarar da na yi can ba ta da daɗi. Innata ba ta da lahiya, ni ina nesa. Ɗana na goye sai da ya saba da ruwan wata rijiya. Kuma duk inda na shiga sai in ga kamar labarin ya riga ni.”

Na ce, “Ni na raba ki da aikinki.”

Ta dube ni da mamaki. “Wa ya ce maka na bar aiki? Ai ni ce dirakta yanzu, a wata lakwal kusa da Mayahi.”

Ita ta ba ni sauran labarin. Ashe mako guda bayan zuwansa gonata, Mushe ya ɗauki tabalet ya tafi biron sufeto. Ya nuna masa ranar da aka kwashe tambayoyin da wurin da aka kwashe su, ranar kasuwarmu ce, ita kuwa tana Tasawa. Ya ce wani dattijo ne ya matsa mata, kuma ya yi alkawarin ba zai faɗi sunansa ba. Sufeto ya nace, ya ƙi. Ya yi ta zarya har aka cire takardar laifin daga cikin takardunta, aka dawo da ita kusa da gida da shekara ta ƙare. Daga nan ya riƙa tafiya da ita wajen koyar da malamai.

Ta ce, “Ya ce mani laihinshi ne shi ma. Wai ya koya mamu mu ɓoye lamba ga ɓarayin nesa, bai koya mamu yadda za mu hana ta ga iyayenmu ba. Shi ya sa ya ƙirƙiro wasan ga. Sai ya sa hula ya zo yana tari, kowane malami sai ya hana shi, cikin ladabi, ba tare da ya ba da ba. Wanda ya kasa, a sake.”

Na ce, “Malaman sun san ko wane ne?”

“Ba wanda ya sani sai ni.”

Matar marigayi ta jawo jakarsa ta wayoyin wuta, ta zaro jar darata, ta koɗe, gefenta ya sha gumi. Ta ce, “Duk ranar da ya komo daga wasan ga sai ya zauna nan yana dariya shi kaɗai. Ya ce, ‘Yau na ci mutuncin ɗan goggo a Bawdeta, bai sani ba.’ In na ce ka je ku shirya mana, sai ya ce, ‘Shina tahe. Tun muna yara shi ne na ƙarshen fitowa daga tabki.’”

Na riƙe hular da hannu biyu. Ashe bai daina yi mini tsiya ba. Shekara huɗu ina tsammanin ya yanke ni, shi kuwa yana yawo da ni a jaka, ƙauye zuwa ƙauye. Wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka, har na ji iska tana shiga.

Madam ta ce, “Na yafe maka, Baba. Amma ba a zauren ga aka ɓata sunana ba.”

Na ce na gane.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, na miƙe a masallacin ƙauyenmu kafin mutane su watse. Na faɗi komai, har da ragon. Na yi zaton za a yi hayaniya. Sai wani sa'ana, makwabcin gonata, ya ce daga sahun baya, “To ai mun sani. Katin da aka zuba mamu tambayoyin, da hotonka a ciki, kana riƙe da ƙaho.” Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta. Maigari ya ce, “Mun ga hurhurarka muka yi shiru, muka bar ɗiyar mutane da kaya. Ba kai kaɗai ba ne.” A wannan makon ya tura dattawa uku, da ni na huɗu, da mata biyu daga cikin waɗanda suka yi maganar, muka je har lakwal ɗinta muka ba ta haƙuri a gaban malamanta. Ta ba mu ruwa, ta tambayi yaran da ta koyar ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Da za mu tafi ta ce in tsaya. Ta ce bayan arba'in akwai taron malamai a Bawdeta, yawancinsu sabbin ɗauka, ita za ta ci gaba da aikin Mushe. Tana iya gyaran tabalet, tana iya bayanin saƙonnin ƙarya. “Amma ba ni da tsoho,” in ji ta.

Na je. Na kafa jar dara a goshi. Na gaya musu tun farko cewa ba kwaikwayo nake ba, ni ne mutumin. Aka fito da wata malama ƙarama, ba ta wuce sa'ar jikata ba, aka ba ta tabalet. Na goya hannu a baya, na yi tari sau biyu, na faɗi maganata. Ta dubi furfurata, ta dubi ƙasa, ta fara karanto mini lambar.

Na ce, “A'a, ɗiyata! Haka aka yi aka kai wata Isawan. Sake.”

Karo na biyu ta yi dariya ta rufe fuska. Karo na uku na matsa mata sosai, na kawo zancen ubanta, da kakanta, da albarkar manya. Ta durƙusa har ƙasa, ta rungume tabalet a ƙirji, ta ce, “Baba, lambar ba ta fita. Faɗa mani abin da kake so, in yi maka da hannuna.”

A rayuwata ba a taɓa hana ni abu na ji daɗi irin na wannan rana ba.

Allah Ka yafe wa ɗan kawuna, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanya kowace tafiya da ya yi cikin rairayi a ma'auninsa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma, in lokacina ya yi, Ka haɗa ni da shi a inda zai hango ni daga nesa ya ɗaga murya ya ce malalaci ya iso.